Kafin Ka Zuba Kuɗinka a Kan Takobin Haske

Takobin hasken da Luke Skywalker ya gada daga mahaifinsa a fim ɗin Star Wars na 1977 hannun filashin tsohuwar kyamara ne. Ba wasa nake ba. Bututun tagulla ne da aka shafe da kurom, kamfanin Graflex na Amurka ya ƙera shi don masu ɗaukar hoton jarida na shekarun 1940 su zuba batir uku a ciki su haska hoto. Roger Christian, wanda ya shirya kayan dandalin fim ɗin, shi ya tsinto shi a tarkacen wani shagon kyamarori a Landan. Ya manna masa wasu baƙaƙen sanduna a wurin riƙewa, ya ciro jerin 'yan ƙwayayen da ke fuskar wani kalkuletan Texas Instruments ya cusa a gefe, ya sa zobe a gindi don ratayawa a ƙugu. Shi ke nan, an samu makamin da yau mutane a faɗin duniya ke kashe maƙudan kuɗi don su mallaki kwafinsa.

Na san akwai wanda zai ce, "Haba malam, muna fama da kuɗin rajista da na hando, kai kana zancen kayan wasan Turawa?" Na ji, kuma da gaskiyarka. Sai dai a cikinmu akwai masu bin waɗannan finafinai kamar yadda wasu ke bin Firimiya, kuma tallar irin kayan nan ta cika wayoyinmu: takobin haske, kwalkwalin Mandalorian, hannun Iron Man, kowanne an rubuta masa "daidai da na cikin fim". Wasu suna matse kuɗin abincinsu na wata guda su yi oda, kaya ya iso, su buɗe kwali su ga roba mara nauyi da aka fesa wa fenti ruwan azurfa. Bayan wannan kuma, hanyar da ƙwararrun masu tara kayan nan ke bi wajen tantance na ƙwarai da na banza, ita ce dai abin da ake ta fama a koya mana a wokshof tun daga ND 1, muna hamma.

Ra'ayina shi ne, kwafi mai inganci shi ne wanda ya yi daidai da wani takamaiman abu guda da aka riƙe a gaban kyamara: a awonsa, a irin kayan da aka yi shi da su, har da aibinsa. Kuma dole mai sayarwa ya iya gaya maka wanne ne ya kwafa. Fitila mai canja launi, ƙarar "zuuum", kwali mai kyau, satifiket mai tambarin zinare, duk a bayan wannan suke.

Tambayar farko ke nan: kwafin me? In mutum ya ce maka "wannan takobin Luke ne", bai gaya maka komai ba tukuna. Na fim ɗin 1977 sandunan riƙonsa bakwai ne, yana da jan maɓalli ɗaya da wani ɗan idon gilashi, da ƙwayayen kalkuletan nan a gefe. Da aka zo The Empire Strikes Back a 1980, sandunan suka koma shida, aka tsaga su aka ɗaure su da ƙananan kusoshi, aka cire ƙwayayen kalkuleta aka sa gutsuren allon lantarki, aka maye gurbin idon gilashin da jan maɓalli na biyu. A cikin labari takobi ɗaya ne. A kan teburin maƙeri kuwa abubuwa biyu ne daban. To idan ka ga kwafi mai sanduna shida da ƙwayayen kalkuleta, ka san wanda ya yi shi haɗe-haɗe kawai ya yi daga hotunan da ya tsinta, bai zauna ya yi bincike ba. Ƙirga sanduna bai buƙatar digiri, kuma wallahi da wannan kaɗai za ka watsar da kaso mai yawa na abin da ake tallatawa.

Ko a cikin fim ɗaya ma ba guda ɗaya ake ƙerawa ba. Akwai na kusa da kyamara, wanda ake yi da ƙarfe a gama shi tsaf saboda za a nuna shi daf da ido. Akwai na faɗa da tsalle-tsalle, wanda ake zubawa da roba ko rezin don kada ya ji wa ɗan wasa ciwo, kuma shi ba a cika damuwa da kyansa ba tunda daga nesa za a gan shi. Mai kwafi na gaskiya zai faɗa maka wanne daga ciki ya bi.

Inda abin ya fi ba ni sha'awa shi ne kwalkwalin sojojin nan farare, Stormtrooper. Ka dubi hoton na asali na 1977 da kyau, za ka ga karkatacce ne. Idon dama da na hagu ba su zo ɗaya ba, kumatun ba su daidaita ba, kunnuwan ma da hannu aka yanke su, kowane kwalkwali da irin nasa gibin. Dalili kuwa da hannu aka sassaƙa samfurin da yumɓu, sannan aka ɗumama faifan roba aka zuƙe iska ya manne a jikin mazubi, cikin gaggawa da ƙarancin kuɗi. Yawancinsu da wata roba mai launin kaki aka yi, aka fesa farin fenti a kai, fentin kuma bai kama jikinta sosai ba, ya riƙa ɓarewa tun ana tsakiyar ɗaukar fim. 'Yan kaɗan ne aka yi da farar roba mai sheƙi don ɗauka daga kusa. Layukan da ke jikinsu ma da buroshi aka zana, ba sitika ba ce.

Yanzu ka sa wa ɗalibin injiniya wannan aiki ka ce ya zana shi a kwamfuta. Me zai yi? Zai zana rabi, ya danna umarnin madubi, ɗaya rabin ya fito daidai wa daida. Kwalkwali zai fito tas, sumul, babu karkata ko ta milimita ɗaya. Kuma duk wanda ya san na asali zai kalle shi ya ce akwai abin da ya ɓace a fuskar nan, ko da bai iya faɗin mene ne ba. Karkatar nan ita ce ta ba shi kamannin da muka sani. Shi ya sa a wurin manyan masu tarawa, kwalkwalin da ya daidaita ɗari bisa ɗari ƙasa yake da karkatacce.

A nan akwai masu ja da ni, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa: mu ba Graflex muka gani a fim ba, makamin jarumi muka gani. Ba mu ga gam da ya tsiyaya ba, ba mu ga fenti na ɓarewa ba. Don me za mu biya kuɗi a kawo mana kuskuren da kyamara ta ɓoye? Su sun fi son a gyara abin ya zama yadda ido ya ɗauke shi. Kamfanin Master Replicas, wanda ya riƙe lasisin kayan Star Wars daga 2002 zuwa 2007, ya gane wannan rabuwar kai, har ya fitar da takobin Obi-Wan iri biyu, ɗaya mai dattin tsufa kamar na cikin fim, ɗaya sabo fil kamar ranar da aka ƙera shi a cikin labari. Ni ba ni da rigima da wannan. Wanda yake son gyararre ya saya, kuɗinsa ne. Rigimata da wanda zai gyara abu sannan ya kira shi "daidai da na fim". Gyararre fassarar mai yi ce, kuma babu ma'aunin da za ka kama shi da shi in ya kauce, tunda kullum zai ce ai haka na ga ya fi kyau. Wanda ya ce kwafin abu kaza ya yi, ya ba ka sandar dukansa da kansa: ka ɗauko baniya ka auna.

Kuma kada a manta George Lucas da gangan ya so duniyar fim ɗinsa ta zama tsohuwa, mai tsatsa da ƙura, saɓanin finafinan sararin samaniya na da, da komai ke walƙiya kamar sabon kwano. Takobin Obi-Wan ɗin nan haɗin gambiza ne: wani sashe daga injin jirgin sama na Rolls-Royce Derwent, gurnetin bindiga na sojan Ingila na Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani sashen bindiga mai jigida, da kan famfon wanka na kamfanin Armitage Shanks a gindi. Kan famfo fa, jama'a. A fim ɗin 1999 ma, na'urar sadarwar Qui-Gon Jinn daga rezar askin mata ta Gillette aka zuba ta. Wanda ya goge waɗannan alamomi don abin ya yi "kyau" ya goge rabin tarihinsa.

Bindigar Deckard ta fim ɗin Blade Runner na 1982 ita ce misalin da ke nuna cewa ma'aunin kansa yana motsi. An haɗa ta ne daga sashen bindigar farauta ta Steyr da wata ƙaramar bindiga ta Charter Arms Bulldog. Fim ɗin duhu ne da ruwan sama daga farko har ƙarshe, don haka shekara da shekaru masu kwafi suna tsayar da kaset suna ƙura ido suna hasashe. Adam Savage na shirin MythBusters ya shafe shekaru yana ƙerawa yana sakewa. Sai a 2006 ta asalin ta bayyana a wani taron masoya ƙagaggun labaran kimiyya a Kalifoniya, aka ɗauke ta hotuna daga kowace kusurwa. Nan take kwafin da jiya ake yabo ya koma na tarihi. Amma sai wata sabuwar gardama ta taso, domin bindigar ta ɗan canja tun bayan ɗaukar fim: a wani wuri da ake ganin sukuru a fim, yanzu wani maɓallin murɗawa ne. Wanne za ka kwafa, yadda take a ranar ɗauka ko yadda take yau? Amsa biyun duka karɓaɓɓu ne, matuƙar ka faɗi wadda ka zaɓa. A 2009 aka yi gwanjonta a kan dala 270,000.

In kaya ya zo hannunka kuwa, hannu ya fi ido gaskiya. Nauyi da sanyin ƙarfe ba sa ɓoyuwa. Alminiyam da aka sassaƙa a inji yana da kaifin gefe da 'yan siraran layukan da wuƙar inji ta bari. Roba da aka fesa wa fenti gefenta a dakushe yake, kuma ɗumi za ka ji a tafin hannu. Ka nemi layin haɗi inda ɓangarori biyu na mazubi suka haɗu, ka ga ko an goge shi ko an bar shi kamar na bokitin kasuwa. Rezin da aka zuba cikin gaggawa yana da 'yan ramukan kumfar iska, musamman a kusurwoyi. Abin da aka fitar da firintar 3D kuma, in ba a bi shi da sanfefa da fenti na share fage sau da yawa ba, za ka ga layi-layi kamar na kunu da ya bushe a kwano, ko da an lafta masa fenti. Sukurun gaske yana kwancewa da sukundireba. Na ƙarya zane ne kawai a jikin roba. Sannan tsufa: tsufan gaskiya yana zama inda hannu ke taɓawa, a gefuna da wurin riƙo, datti kuma ya taru a lunguna. Wanda aka yi wa tsufan ƙarya za ka ga an barbaɗa baƙin fenti ko'ina daidai wa daida, kamar an watsa masa toka.

Babbar cutar wannan kasuwa ita ce kwafin kwafi. Wani ya shafe wata shida yana auna hotuna yana sassaƙa, ya fitar da nasa. Wani ya sayi guda ɗaya, ya lulluɓe shi da silikon ya yi mazubi, ya fara zuba nasa yana sayarwa a rabin kuɗi. Na uku ya sayi na biyun ya maimaita. Duk ɗalibin da ya taɓa karɓar hando da aka yi wa fotokwafi sau biyar ya san ƙarshen labarin: rubutu ya yi kauri, zane ya dushe, gefen shafi ya ɓace. A zubi abin ya ma fi haka, domin kaya yana tsukewa in ya daskare. 'Yan sashen zubin ƙarfe sun san alminiyam na raguwa da kusan kashi 1.3 cikin ɗari, shi ya sa ake ƙara wa samfuri girma tun farko. Masu zuba tukwanen alminiyam a garuruwanmu, waɗanda ke danna tsohuwar tukunya a yashi su zuba sabuwa, sun san 'yar ba ta taɓa kai uwar girma. Rezin ma yana tsukewa, ko da bai kai haka ba. Don haka kwafi na uku ko na huɗu zai zo ƙarami, rubutun jikinsa ya narke, kuma za ka ga aibin wani, kamar tsagewa ko ramin kumfa, ya zama ɓangaren jikinsa an fente shi. A tsakanin masu wannan sha'awa, wanda aka kama yana kwafar aikin wani maƙeri ba da izini ba sunansa ya ɓaci ke nan. Ni ma ina tare da su, kodayake akwai abin dariya a ciki: shi kansa maƙerin farkon sau da yawa ba shi da izinin masu fim.

Wannan ya kawo mu ga lasisi, wanda mutane ke ɗauka tamkar hatimin inganci. Lasisi yana nufin kamfani ya biya masu fim kuɗi don ya yi amfani da sunan. Wani lokaci yana zuwa da damar shiga ma'ajiya a auna na asali, kuma wannan babbar riba ce. Wani lokaci kuma kamfanin mai lasisi ne ke ƙara wa hannun takobi kauri don batir da lasifika su shiga, ko ya sauya ƙarfe da roba don farashi ya sauka. Labarin Andrew Ainsworth ya isa misali kan yadda lamarin ke da sarƙaƙiya. Shi ya ƙera kwalkwalin Stormtrooper a 1976 a ƙaramin shagonsa da ke Ingila. Bayan shekaru ya fara sayar da sababbi, kamfanin Lucasfilm ya maka shi a kotu a Kalifoniya, aka yanke masa biyan dala miliyan 20. Amma a 2011 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce kwalkwalin kayan aikin fim ne, ba sassaƙar fasaha ba, don haka kariyarsa a dokar ƙasar ta riga ta ƙare. Ga mutumin da hannunsa ya yi na asali, ba shi da lasisi, kuma duk da haka masu tarawa ba su ɗaga masa ƙafa ba: suna ɗora nasa a kan hotunan 1977 suna aunawa kamar na kowa. Haka ya kamata. Ƙungiyar 501st Legion ma, ta masu sa kayan Star Wars da aka kafa a 1997, ba ta tambayar rasit ɗinka. Tana da rubutattun ƙa'idoji na kowace shiga, a duba hotunanka a ce ka ci ko ka koma ka gyara.

Satifiket kuwa takarda ce. Duk wanda ya taɓa shiga shagon buga takardu a bakin get ya san abin da nake nufi. Lamba "137 cikin 500" tana da daraja ne kawai in kamfanin da ya buga ta sananne ne kuma akwai hanyar bin diddigi. Kuma kada wani ya ruɗe ka da cewa kwafi jari ne. Na asali su ne ke tashi: bindigar Han Solo ta 1977 an yi gwanjonta a 2022 a kan dala 1,057,500, samfurin jirgin X-wing kuma ya haura dala miliyan 3 a 2023. Kwafin da masana'anta ke fitarwa dubu-dubu ba ya cikin wannan lissafi.

Tunda na ambaci bindigar Han Solo, bari in faɗi wata magana da ba ta inganci ba ce. Jikinta tsohuwar bindigar Jamus ce, Mauser C96, ta sojojin farare kuma Sterling ce ta sojan Ingila. Ma'ana, iya kyan kwafin iya kamarsa da bindigar gaske. A Amurka doka ta sa a riƙa sa wa bindigar wasa bakin ruwan lemo. A nan, ka yi tunanin a buɗe jakarka a shingen bincike da daddare, kana ƙoƙarin yi wa jami'i bayanin wane ne Han Solo. Don Allah a bar wannan. Takobi da kwalkwali sun isa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a duk wannan shi ne yadda mutanen da ba a biyan su ko sisi suke bin abu har sai sun gano cewa wani ɗan ƙarfe daga injin jirgi kaza ya fito, su nemo awonsa, su yi gardama a kan rabin milimita. Mu kuma da ake ba mu difloma a kan awo, sau nawa muka ga furojet ɗin ƙarshe da aka kai wa mai walda a gari ya haɗa, aka lafta masa koren fenti ranar jajibirin kariya don a rufe waldar da ta yi kumburi? Kuma sau nawa fentin ya yi aiki, aka ba da maki? Abin da Roger Christian ya yi da tarkacen Landan, masu aiki a Panteka ta Kaduna suna yin irinsa kullum, su kalli sashen inji da ya lalace su ƙera wani. Hannun akwai shi a ƙasar nan. Abin da muke sakaci da shi shi ne zama a auna, a rubuta, a amince wani ya zo ya sake aunawa.

Don haka ina ba ƙungiyar ɗalibai shawara, in makon baje kolin sassa ya zo, a sa gasa ɗaya: kowace tawaga ta ƙera hannun takobin 1977. Kayan ba su fi ƙarfin aljihu ba. Bututu mai faɗin inci ɗaya da rabi, kusan milimita 38, da injin sassaƙar ƙarfe da ke wokshof, da haƙuri. 'Yan lantarki in sun so su sa masa fitila, amma kada a ba fitila maki ko ɗaya. Kowace tawaga ta kawo zanen aikinta da hotunan da ta dogara da su, ta rubuta a fili inda ta yi hasashe saboda hoto bai nuna ba. Alƙalai su zo da baniya da sikeli. Kuma a kawo kayan tsirara, ba fenti, sai an gama awo.